Dorcas Mai Ɗinke Babin Ƙarshe

Dorcas Larwood tana da shago a bakin layin coci, a ƙauyenmu na Tilby. Ulu take sayarwa, da zare, da maɓallai, da allurar saƙa, da duk tarkacen da mace za ta nema in rigar mijinta ta yage. Amma ba don ulu ake tunawa da ita ba. A can ƙuryar shagon akwai katakai jere da littattafan haya, kusan dukansu na binciken kisa, kuma rubutun wata mata ɗaya da Dorcas ba ta taɓa gani ba ko daga nesa. Duk da haka ba ta kiranta da komai sai “uwar ɗakina”. In kana son ka sayi ulu a wani gari har ƙarshen rayuwarka, to ka ce a gaban Dorcas littattafan nan shirme ne.

Ga abin da ya fitar da sunanta har ƙauyukan maƙwabta. Duk littafin da ya shigo shagon, ita ke fara karanta shi. In ta gama, sai ta ɗauki allura da jan zare ta ɗinke babin ƙarshe ta gefen takardun, inda babu rubutu, ɗinki ƙanana masu kyau, irin wanda in ka warware ka mayar sai ta gane. Za ka kai littafi gida, ka yi ta karatu har ka zo daidai inda mai bincike ya ce a tara masa kowa a falo, sai ka ci karo da jan zare. Dole ka sa takalmi ka koma shago, ka tsaya gabanta ka faɗi wanda kake zargi da kisan. Sannan ne za ta taɓa almakashin da ke rataye a ƙugunta.

A kan mahaifinta ta fara wannan. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekaru a kwance da ciwon ƙafa, ita ke jinyarsa tana yi masa karatu. Shi kuwa haƙuri ba ya cikin kayan da ya zo da su duniya. Da ta fita ɗora ruwan zafi sai ya fizgi littafin ya leƙa ƙarshe, ta dawo ta tarar da shi yana wani murmushin mugunta. Ranar da ta gama da shi da jan zare, sai da ya yi yini guda bai yi mata magana ba. Saurayin da ya so ta bai dawo daga yaƙin duniya na farko ba, 'yan'uwanta maza suka watse birane, tsohon ya rasu, aka bar ta da shago da almakashi. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, mu ma ba mu taɓa tambayarta ba. Haka muke a nan.

Dokar kuwa ɗaya ce. In ka faɗi sunan daidai, za ta ce, “Madalla,” ta datse zaren, ka kama hanyarka. In kuwa ka faɗi jarrabawar, to ka shiga uku. Za ta ɗaga labule ta tura ka ɗakin baya, ta ɗora buta, ta yanko kek mai zabibi, ta buɗe littafin tun daga shafin farko ta bi da kai, har sai ka furta sunan da bakinka.

“Uwar ɗakina ba ta cuta,” haka take farawa. “Duba nan. Me 'yar aikin ta ce tana kwashe kofuna? Ta ce maigida ba ya shan sukari. To wa ya zuba sukari a kofin da aka samu kusa da gawa? Ta gaya maka fa! A gaban idonka ta ajiye shi, sai dai ta sa kare ya yi haushi a waje, kai kuma ka bi kare.”

In ta ɗauki zafi ba ta jin kira. Takan ce rubutun matar nan kamar ruwan sha yake, ba kalma ɗaya da za ta tsayar da kai, shi ya sa kake gudu a kansa ba ka duba inda kake takawa. Ba jini, ba kururuwa. Mutane kaɗan a gida ɗaya, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kowa da abin da yake ɓoyewa, kowa kuma yana miƙa wa ɗan'uwansa faranti cikin ladabi. Babbar magana a cikin surutun banza marubuciyar take saka ta, a bakin wanda ba a saurara. Wanda 'yan sanda suka fara kamawa, wanke shi. Wanda ya cika zare ido, wanke shi. “Nemi wanda kullum yana cikin ɗakin,” in ji ta, “har ka saba da shi ka daina ganinsa.”

Shayin ba laifi, kek ɗin kuwa ba a magana, amma sai ka shiga da rana tsaka ka fito an kunna fitilu. Shi ya sa kowa ke tsoron labulen nan. Mata sukan faɗi jefi-jefi, su sha karatu. Abin mamaki shi ne mazan da ke zama a mashayar Queenie Mace, mutanen da ba sa iya nemo safarsu sai matansu sun nuna musu. Da wuya ɗayansu ya kuskure. Zai shigo yana hura hanci, ya faɗi suna, a datse masa zare. Dorcas har alfahari take yi da su, wai tarbiyyarta ce ta kama.

Mutum ɗaya ne tarbiyyar ta ƙi kamawa, shi ne Horace Gotts mai gyaran keke. Tuzuru ne dogo, mai manyan kunnuwa da hannuwan da man inji ya riga ya zauna a cikinsu. Shi ke ɗauko mata ƙunshin sababbin littattafai daga tasha a bayan kekensa, ladansa kuwa shi ne ya fara karanta sabo bayan ita. Kowace Juma'a da rana zai shigo, ya goge ƙafa a bakin ƙofa fiye da yadda ake bukata, ya cire hula.

“To, Mista Gotts, wa ya yi?”

Sai ya juya hular a hannu. “Ni dai, Mis Larwood, zuciyata ta fi kwantawa da kuku.”

“Kuku! Kukun da ke asibiti da karayar ƙafa tun kafin a yi kisan?”

“Af. Ai kuwa haka ne.”

“Kai dai Allah ya ba ka kunnuwa ya hana ka abin da ke tsakaninsu. Wuce ciki.”

Ya taɓa zargin mutumin da aka binne tun babi na biyu. Ya taɓa zargin wata tsohuwa da ko cokali ba ta iya ɗagawa. Shekara ashirin da ɗoriya ana haka, bai taɓa dacewa ba ko sau ɗaya. Zai zauna a kujerar da ke kusa da murhu, ya dafa gwiwoyinsa, yana sauraronta yana gyaɗa kai, yana tsince zabibin kek yana jerawa a gefen faranti. Ita kuma ta yi ta faɗa, wai zabibi ba a kyauta ake samunsa ba. Kyanwarta ma ta san Juma'a, tun da hantsi take sauka daga kujerar.

In ka tambayi Dorcas za ta ce tausayinsa take ji. Ƙarya ne. Son mutumin nan take yi, kuma ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta faɗa ba. Tun ranar Alhamis take gasa kek ɗin. Sauran kwanakin mako hanya ce kawai da ake bi a isa Juma'a. Amma ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa bawan Allah ne mara kai wanda ke son kek da ɗumin murhu, kuma mace mai shekara hamsin da wani abu ba ta gina buri a kan kek.

Wata Juma'a da kaka, ganye yana zuba, suna cikin zancen ruwan sama, sai Horace ya ce ƙanwarsa da ke Ostareliya mijinta ya rasu. Tana da ɗaki a banza, ta matsa masa ya koma can, wai ranar ƙasar za ta yi wa ƙirjinsa magani. Jirgin ruwa zai tashi farkon wata.

Dorcas ta ji kamar an zare mata ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, “Ashe. Ai kuwa za ka sha rana.”

“Haka suka ce.” Ya tsinci zabibi ɗaya ya ajiye. “Sai dai ko in akwai wani abin da zai riƙe mutum a nan.”

“Me zai riƙe ka? Keke ai ko'ina yana lalacewa.”

Ka ji fa! Matar da ke gano mai kisa daga cokalin sukari. Horace ya ce haka ne, ya shanye shayinsa, ya sa hula ya fita. Ita kuma ta wanke kofuna, ta koma bayan kantar shago, ta sayar wa wata mata baƙin ulu a maimakon shuɗi.

Makonnin suka wuce kamar ana korarsu. Horace ya sayar da kayan aikinsa, ya ba maƙwabcinsa kajinsa. Dorcas ta saƙa masa safa, ta tuna ƙasar zafi za shi, ta warware. Ba ta ce komai ba, shi ma bai sake cewa komai ba, har ya rage saura Juma'a ɗaya.

Ranar Alhamis da safe Queenie Mace mai mashaya ta shigo neman maɓallai. Queenie irin matan nan ce da in suka buɗe baki sai dai ka nemi wurin zama. Ta yi zancen tsadar kwal, da ciwon bayan mijinta, da hular matar limamin coci, wadda a cewarta ko tsuntsu ba zai yarda ya yi ƙwai a ciki ba.

“Ni mazan nan nawa nake ji wa,” ta ce tana tona akwatin maɓallai. “In Horace ya tafi sun kaɗe. Wa zai riƙa gaya musu mai kisan kafin su zo wajenki? Ba ki da mai ɗan girma da wannan, Dorcas? Kai, maɓallan yanzu ba su da auki. Ke, kin ji 'yar gidan mai burodi za ta yi aure?”

“Na ji,” in ji Dorcas. “Ga masu girman nan.”

Ta naɗe mata, ta raka ta ƙofa. Hankalinta yana kan jirgin ruwa, ba ta ma san me aka ce ba. Sai da rana ta yi, tana tankaɗe garin kek ɗin ƙarshe, hannunta ya tsaya cak a kan rariya. Wa zai riƙa gaya musu mai kisan? Ta zauna a kan kujerar Horace da garin a hannunta. A cikin surutun banza, a bakin wadda ba a saurara, tsakanin kwal da maɓalli! Ta dubi farantin da yake ci a ciki, ta dubi labule. Kunya ta rufe ta tun daga wuya har goshi, wanzami dai ba ya son jarfa. A bayan kunyar kuma wani farin ciki ya taso mata, wanda sai da ta dafe ƙirji. Kek ɗin ranar ya ƙone ta gefe ɗaya.

Juma'a Horace ya zo da rigarsa ta zuwa coci, littafi a hammata. Ya goge ƙafa ya cire hula.

“To, Mista Gotts, wa ya yi?”

“Ina jin mai kawo madara ne.”

“Wuce ciki.”

Ta juya allon ƙofa zuwa “an rufe”, abin da ba ta taɓa yi da rana ba sai ranar jana'izar mahaifinta. Ta zuba masa shayi, amma ba ta zauna ba, ba ta kuma buɗe littafin ba. Sai ta tsaya ta ba murhu baya, ta haɗa hannuwa a baya, yadda ake yi a babin ƙarshe.

“Yau wani labarin za mu warware,” ta ce. “An yi shekara ashirin ana tafka ta'asa a ɗakin nan, mai laifin kuma yana zaune.”

Horace ya dubi kyanwa.

“Ba ita ba. Da farko, akwai wasu maza a garin nan da ba su san hannun damansu ba, amma ba sa kuskuren mai kisa. Ruwa ba ya tsami banza. Wani ke ba su amsa a mashaya, kuma sai wanda ya riga su karanta littafin. Wa ke fara karantawa bayan ni?”

Kunnuwansa suka soma ja.

“Na biyu. Ko makaho in ya daɗe yana jifa, wata rana sai ya samu. Kai ba ka taɓa samu ba. Kullum sai ka zaɓo mutumin da ba yadda za a yi ya aikata. Wanda zai iya haka kowane mako, ya san littafin ciki da bai, ya fi ni ma. Ƙarya nake?”

“Mis Larwood, shayin nan zai huce.”

“Bar shi ya huce. Saura dalili, don uwar ɗakina ba ta barin laifi ba dalili. Wanda ya dace, a datse masa zare ya tafi. Wanda ya faɗi, a shigo da shi nan. Na ɗauka kek ke kawo ka.” Ta nuna farantinsa, inda zabibi uku suka riga suka yi layi. “Ashe ko son sa ba ka yi.”

“Tun ina yaro ba na cin zabibi,” ya ce a hankali.

“Murhu kuwa kana da naka. To ba kek ba, ba wuta ba. Me ya rage a ɗakin nan?”

Ya juya hularsa. “Agogo ya rage,” ya ce. “Da kyanwa. Da ke.”

Dorcas ta yi niyyar ta ci gaba da tsayuwarta ta mai bincike, amma ta kasa. Ta zauna. “Haba, bawan Allah! Shekara ashirin! Bakinka ciwo yake yi? Me ya hana ka faɗa?”

“Ai na faɗa. Kowace Juma'a ina faɗa.” Ya ɗago kai, da gaske yake, ba wasa a fuskarsa. “Ke kika ce uwar ɗakinki ba ta fitowa fili ta gaya wa mutum, a gaban ido take ajiyewa ta bar mai hankali ya gani. Na ɗauka haka ake yi. Ni a zatona ma tun babi na uku za ki kama ni. Da na ga shiru, sai na ce ko kin gane ne, kina rufa mini asiri don kada in ji kunya.”

Ta yi dariya har hawaye ya zubo, daga nan dariyar ta ƙare hawayen bai ƙare ba. Ya miƙa mata hankicinsa, duk man inji, ta karɓa ta share fuska da shi haka nan.

“A duk littattafan da ka karanta, Horace,” ta ce, kuma ranar ce ta fara kiran sunansa, “ka taɓa ganin an bar mai laifi ya hau jirgi?”

“Ba a bari, Dorcas.”

“To.”

Aka ɗaura aure da bazara. Ƙanwar ta yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ta aiko da bargon gashin tumaki. Waɗanda suka ji jiki su ne mazan mashaya, don Dorcas ta toshe musu rijiya. A shekarar nan ba namijin da bai shiga bayan labule ba, har mijin Queenie, wanda ya fito yana rantsuwa ba zai ƙara karanta ko takardar magani ba. Kek kuwa aka daina sa masa zabibi. Amma Juma'a ba ta canja ba. Horace zai fita ta ƙofar baya, ya zagayo ta ƙofar shago, ya goge ƙafa, ya cire hula, ya zargi mai kawo madara. Ita kuma ta zage shi tas, ta tura shi ciki.

Sun yi shekaru masu daɗi, ba su kai yawan waɗanda suka ɓatar ba, amma ba su yi kaɗan ba. Da idonsa ya raunana, ita ke karanta masa. Daga baya ƙirjin nan da rana ba ta gasa ba ya kwantar da shi, aka sauko da gadonsa ɗakin baya kusa da murhu. Likita ya zo ya fita yana magana ƙasa-ƙasa. Wata Juma'a da rana, cikin sanyi, ta karanta masa har ta iso jan zare. Ta rufe littafin a kan yatsanta.

“To, Horace, wa ya yi?”

Ya dube ta. “Matar lauyan ce,” ya ce. “Ita ta mayar da agogo baya.”

Daidai ne. Dorcas ta san daidai ne, ita ta ɗinke babin da hannunta. Ta kuma san dokar da ita ta kafa, wanda ya dace a ce masa madalla ya kama hanyarsa. Sallama yake yi mata, da irin bakin da ya iya. Zuciyarta ta karye. Hannunta ya kai kan almakashi, ya tsaya, ya dawo.

“Ba daidai ba ne, ka faɗi,” ta ce. “Matar lauya! Kai dai har yau ba ka da kai. Kwanta nan in ɗora ruwa.”

Ya yi murmushi. “To, Mis Larwood.”

Ya kuwa jira. Bai tafi ba sai da ta gama yi masa bayanin duka tun daga shafin farko, ita kuma ta ja bayanin nan iya ƙarfinta.